Tarakta Cikin Yashin Lamurde

Shekarata goma sha shida lokacin da mahaifina ya kama hannuna daga gidanmu da ke unguwar Sarkin Dawaki, ya kai ni wani garejin gyaran taraktoci a bayan kasuwa, ya damƙa ni ga mai wurin. A wancan zamani Jalingo ba ta zama babban birnin jiha ba tukuna, taraktocin da ke cikinta ma ba su da yawa, kuma duk wadda ta lalace hannun mutumin nan take komawa. Mumuye ne, Kirista, gajere mai faɗin ƙirji. Kowa Baba yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Hausarsa ta kasuwa ce, amma idan ya ba da umarni da ita ba a neman ƙarin bayani.

Shekara biyar na yi a ƙarƙashinsa. A ta farko ban taɓa sifana ba sai domin in wanke ta. A ta uku ya bar ni na kwance inji ni kaɗai, na mayar da shi, ya tashi. A wurinsa na koyi duk abin da hannu yake iya sani game da ƙarfe. A wurinsa kuma na koyi wata doka wadda ba a rubuta ta ba, amma ta fi kowace ƙarfi a garejin: yaro ba ya gyara wa maigida magana a gaban mutane. Idan ka ga ya kauce, sai ka haƙura har ka same shi shi kaɗai, sa'an nan ka kawo maganar a matsayin tambaya, kamar kai ne ba ka gane ba. Na taɓa ganin an kori wani babban yaronsa, mai hannu ƙwarai, domin ya ce “ba haka ba ne” a gaban mai tarakta.

Da izininsa na shiga aikin soja. Da aka ga na san ƙarfe, bayan na gama horon kurtu sai aka tura ni sashen gyaran motoci da injuna. A can na sami abin da Baba bai ba ni ba, wato dalili. Wani tsohon saje yakan tsaya a gaban allo ya zana mana inda nauyin kowace mota yake zaune, da inda ƙarfin inji yake bi idan an tare masa hanya. Aka kuma koya mana yadda ake fitar da mota mai nauyi idan ta kafe a inda babu wata motar da za ta ja ta.

A shekarata ta huɗu a bariki na ga abin da ya sa nake rubuta wannan. Tarakta ta kafe cikin laka a gonar bariki. Wani kofur, wanda tare muke cin abinci, ya yi dabarar da kowane direban tarakta ya sani a ƙasar nan: ya ɗaura gungumen itace a jikin tayoyin baya da sarƙa, domin idan sun juya su taka gungumen su hau. Sau da yawa dabarar tana ci. Amma idan gungumen ya tokare, tayoyin suka kasa juyawa, ƙarfin injin ba ya ɓacewa. Tunda ya kasa juya taya, sai ya juya jikin taraktar a kan tayar. Ina tsaye taku goma daga wurin. Gaban taraktar ya ɗaga sama, kafin wani ya buɗe baki ta kife ta baya, shi yana ƙarƙashin sitiyari. Ina cikin mutum huɗun da suka ɗauke shi.

Bayan shekara takwas na karɓi sallama na dawo gida. Baba ya karɓe ni kamar jiya na tafi, ya nuna mini tsohon bencina, ya sa mini suna Soja. Idan ya gan ni da takarda a hannu sai ya ce wa yaransa, “Ku matsa, Soja zai karanta wa inji littafi, ko zai ji tsoro ya tashi.” Nakan yi dariya tare da su. Labarin kofur ɗin kuwa ban ba shi ba, domin abu ne da ba na son tunawa, kuma ban yi zaton ranarsa za ta zo ba.

Ta zo a wata na biyu da dawowata, farkon damina. Wajen hantsi direban Baba ya shigo garejin a kan keke, laka har gwiwarsa. Baba yana da tarakta ɗaya tak ta kansa, wadda yake bayarwa haya, da ita yake riƙe da gidansa. Direban ya ɗauke ta da garma a bayanta zai je huɗar fadamar shinkafa a ƙetaren kogin Lamurde, ƙasa da unguwar Nukkai. Babu hanyar mota zuwa fadamar, saboda haka da rani ta cikin yashin kogin ake ratsawa. Mako guda kafin nan ya ratsa lafiya. Wannan karon saman yashin a bushe yake, ƙarƙashinsa kuwa ya sha ruwa.

Muka loda sarƙoƙi da jak da sarƙar ɗaga inji mai ƙugiya a tsohuwar a-kori-kurar garejin, muka tafi mu uku.

Taraktar tana tsakiyar kogi, tayoyin baya sun nitse kusan rabi, cikinta ya zauna a kan yashi. Ruwa a lokacin ɗan siriri ne, yana bin gefe guda. Rana tana haskawa a kanmu. Amma da na ɗaga kai wajen gabas, sai na ga sama ta yi baƙi ƙirin a kan duwatsu, walƙiya tana keta ta. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san ma'anar wannan. Lamurde ba ya jiran a yi ruwa a Jalingo kafin ya cika. Ruwan duwatsu yakan sauko masa cikin sa'a biyu ko uku, da kututture da komai.

Masu ɗiban yashi, wajen mutum ashirin, sun bar aikinsu sun kewaye taraktar da shebur a hannu. Wasu mata suna wanki can sama. Baba ya zagaya taraktar sau ɗaya, ya dubi gabas, ya ce a kawo masa gungume. Nan take aka jawo wani kakkauran kututturen marke daga bakin gaɓa.

Na matsa kusa da shi, na sassauta murya yadda aka koya mini.

Na ce, “Baba, ko da za mu tona bayanta mu ja ta da baya? Ina tambaya ne kawai.”

Bai sassauta tasa ba. Ya ce, “Ka ja shi da me? Da haƙori? Motar can in ya shiga yashi, shi ma sai an ja shi.”

Masu yashi suka fashe da dariya. Na ce akwai hanyar da za a binne gungumen a ƙasa mai ƙarfi a kafa sarƙa a jikinsa. Ya nuna mini duwatsu da haɓa.

“Ka ga wancan? Ba zai jira ka yi fareti ba. Na yi wannan aiki tun kana tsotson yatsa. Ɗaura mini sarƙa.”

Direban ya fara ja da baya yana shafa wuya, yana cewa ƙafarsa ta dama tana masa ciwo tun safe. Baba ya dube shi ya yi tsaki. Ya ce, “Zauna da ƙafarka. Ni zan hau.”

Na durƙusa cikin yashi na ɗaura gungumen. Har yau ina mamakin yadda hannuwana suka yi aikin da kyau alhali zuciyata tana ƙin sa, amma shekara biyar na bin umarninsa ba su fita daga jikina ba. Da na gama na lura da yadda gungumen ya kwanta: da zarar tayoyin sun yi rabin juyi, zai tokari ƙarfen da ke riƙe da garma. Daidai yadda na gani a gonar bariki.

Ban iya faɗa a fili ba, ban kuma iya yin shiru ba, sai na zaɓi hanyar ɓarayi. A jikin famfon mai na irin waɗannan taraktoci akwai wani ɗan hannu wanda idan an ja shi mai yakan yanke, inji ya mutu. Na zagaya ta ɗaya gefen kamar ina duba taya, na tura ɗan hannun wurin kashewa, na ɗaure shi da guntun waya. Tunanina shi ne, idan injin ya ƙi tashi dole a koma ga tono, kuma babu wanda zai ce yaro ya ƙaryata maigidansa.

Baba ya hau, ya murza makulli. Injin ya yi ta juyawa, bai kama ba. Ya sake. A karo na uku bai dubi komai ba sai bakin salansa, ya ga ko ɗigon hayaƙi babu. Ya sauko a hankali, ya nufi famfon kai tsaye, ya sa yatsa ya warware wayar. Dabarar da na ɗauka za ta ba ni sa'a guda ba ta kai minti uku ba.

Ya riƙe wayar a tafin hannunsa yana kallona. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, “Wannan ne suka koya maka a can?”

Na sunkuyar da kai. Ya jefar da wayar a ƙafafuna, ya koma ya hau. Injin ya tashi da ruri, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Na ji ƙarar giya ta shiga.

Ban san lokacin da na taka ƙarfen baya na haye ba. Na tsaya a bayan kujerarsa, na riƙe ta da hannu biyu, a daidai wurin da taraktar za ta fara dannewa idan ta kife.

Ya waiwayo. “Sauka.”

“Ba zan sauka ba, Baba.”

Ƙarar injin ta sa dole na ɗaga murya, don haka duk wanda ke wurin ya ji. Dariyar masu yashi ta ɗauke. Ya sake cewa in sauka, ya haɗa da wata kalma da harshensu wadda ban taɓa jin ya faɗa wa kowa ba.

Na ce, “Baba, ba haka ba ne. Wannan gungumen zai tokare. Na ga mutum ya mutu a kan wannan dabarar, da idona, ni na ɗauki gawarsa. In za ka saki kuloci, ka saka, amma mu biyu za ta danne.”

Na dubi ƙafarsa ta hagu. Giya tana ciki, totur a buɗe, abin da ya raba mu da juyin tayoyin nan kawai tafin ƙafar dattijo ne a kan kuloci, takalmin kuma jiƙe yake da laka. Ina ganin gwiwarsa tana rawa, ban sani ba ko nauyin kulocin ne ko fushi. Wani daga cikin masu yashi ya ce, “Baba, a yi haƙuri,” wani ya ce masa ya rufe baki. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Na tuna dai ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, idona a kan takalmin nan.

Daga bisani ya miƙa hannu ya fitar da giya, ya kashe injin. Ya sauko ba tare da ya dube ni ba, ya fuskanci jama'a.

Ya ce, “Kun ji. Yau muna da injiniya. Kowa ya yi abin da Oga ya ce.”

Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Amma sama ta ƙara duhu a gabas, babu lokacin jin kunya. Na raba mutanen gida biyu. Rabi suka tona rami mai zurfin ƙugu a bakin gaɓar da muka fito, inda ƙasa take da tauri, muka kwance gungumen muka kwantar da shi a ciki, muka zagaya masa sarƙa, muka binne. Sauran suka tona bayan tayoyin, suna yi musu gangara, suna shimfiɗa rassa da duwatsu. Garma kuwa dole a cire ta, domin haƙoranta sun kafe a yashi. Baba da kansa ya zare ƙusoshinta. Mutum shida suka ja ta gefe da ƙyar, suka bar ta a nan tsakiyar kogi, da niyyar a dawo mata.

Duk abin da na faɗa, Baba yakan amsa da ƙarfi, “To, Oga.” In na ce a kawo jak, shi zai riga kowa ɗaukowa. “Ga shi, Oga. A ina Oga yake so a sa?” Ya yi aiki fiye da samari, gumi yana zuba daga gemunsa, bai kuskure ko ɗaya ba.

Muka haɗa sarƙar ɗaga inji tsakanin gungumen da aka binne da ƙasan taraktar, muka fara ja. Wanda bai taɓa aiki da ita ba ba zai gane jinkirinta ba. Sai ka ja ƙaramar sarƙa kamu ashirin kafin babbar ta matsa faɗin yatsa. Muna karɓa-karɓa, tafin hannu yana salewa. Taraktar ta yi ƙara, ta motsa kamar taƙi guda, sarƙar ta ƙare, muka tokare tayoyi, muka sake ɗaurawa, muka koma farko.

Muna cikin ja na uku sai wata daga cikin matan da ke wanki ta ƙwalla kira da Fillanci, “Ndiyam ɗon wara!” Ko wanda ba ya jin harshen ya gane cewa ruwa ne yake tafe. Siririn ruwan nan na gefe ya rikiɗe ya zama ja, kumfa da karare suna yawo a kansa, yana faɗaɗa muna kallo. Fiye da rabin masu yashi suka kwashi shebur suka haye gaɓa. Ban ga laifinsu ba. Mutum bakwai suka tsaya.

Ruwa ya taɓa idon sawu. Gangaren da muka tona ya fara cikewa, yashi yana zubawa ciki. Na lissafa abin da ya rage, na ga da hannu kaɗai ba za mu kai ba. Sai an tayar da injin an sa giyar baya ya taimaki sarƙar. Da baya babu haɗarin kifewa, domin ƙarfin yakan danna gaban taraktar ƙasa ne. Amma ana bukatar ƙafar da ta san kuloci, wadda za ta sake shi kaɗan-kaɗan, kada tayoyin su yi ta juyawa a banza su sake tona wa kansu rami. A wurin nan mutum ɗaya ne yake da irin wannan ƙafa.

Na ce, “Baba, don Allah.”

Ya ce, “Oga ya yarda in hau?”

“Don girman Allah, Baba.”

Ya hau. Ruwa ya kai ƙwauri, sanyinsa kamar na randa, yana jan ƙafa. Mu huɗu muna kan sarƙa, sauran suna tura gaba. Injin yana gurnani a hankali, tayoyin suna juyawa kamar ba sa so. Wani reshe ya zo ya bugi direban a cinya ya faɗi, aka cafko shi ta riga. Ruwa ya kai gwiwa. Na ji gungumen da muka binne ya ɗan motsa a raminsa, na ce a raina shi ke nan, na hana shi hanyarsa, tawa kuma ta gaza, zai rasa taraktar a gaban idonsa saboda ni. Sai tayar dama ta kama dutse. Taraktar ta yi tsalle guda, sarƙa ta saki, Baba ya riƙe ta da baya ba tare da ya ƙara mai ba, har ta hau gaɓa ruwa yana zuba daga cikinta.

Muka juya domin garma, amma babu wanda zai iya komawa. Muna tsaye muna kallo ruwa ya rufe ta. Kafin mu gama naɗe sarƙoƙi kogin ya cika daga gaɓa zuwa gaɓa. Ba a sake ganin garmar nan ba, ko da rani ya zo aka tona.

Masu yashi suka kewaye ni suna ta kiran “Soja! Soja!”, suna dukan kafaɗata. Kowane kira ji nake kamar ana ƙara mini laifi. Baba yana tsaye shi kaɗai a bakin ruwa. Na je na tsaya a bayansa.

Bai juyo ba ya ce, “Da ka bar ni, da tun ɗazu muna gida. Da tarakta, da garma.”

Damina ta kama, manoma suna jiransa, ga tarakta babu abin huɗa.

Washegari da safe na tarar da akwatin kayan aikina a ƙofar gareji, an goge shi, an ɗaure da igiya. Baba yana zaune a kan bencinsa. Na durƙusa na gaishe shi, na roƙi gafara a kan wayar da na ɗaura, da kuma muryar da na ɗaga masa a gaban mutane. A kan hawan da na yi bayansa ban roƙa ba, shi ma ya lura.

Ya ce, “Na yafe. Amma direba ya riga ya ba yaran nan labari. In ka zauna, gobe kowa zai hau bayana ya ce ya ga gawa. Ɗauki akwati.”

Na ɗauka. Daga nan ne na nemi makarantar koyon injiniyanci, na yi karatu, na yi aiki shekaru masu yawa har na yi ritaya. Ban taɓa bari an ɗaura gungume a tayar tarakta a inda nake da iko ba. Amma ba zan rubuta cewa na tabbata taraktar Baba za ta kife a ranar ba, domin ban tabbata ba. Ya yi dabarar sau da yawa kafin ranar, an kuma gaya mini ya sake yin ta bayan na tafi, ya fita lafiya. Mai yiwuwa ƙafarsa ta fi ta kofur ɗin sauri. Wannan tambaya na daɗe ina juya ta, ban kai ƙarshenta ba.

Ya yi tsawon rai. Duk Kirsimeti nakan je gaishe shi, duk Sallah yakan aiko a gaishe ni. Mukan yi hira a kan injuna, da yadda gari ya cika, da waɗanda suka rasu, amma ba mu taɓa ambaton kogin ba. Zuwana na ƙarshe na same shi a kan tabarma a gidansa da ke Nukkai, idanunsa sun dushe. Wata jikarsa ta tambaye shi wane ne baƙon. Ya laluba ya kama wuyan hannuna.

Ya ce mata, “Wannan? Wannan ne ya jefa mini garma a ruwa.”

Ya ci gaba da riƙe hannun, da ƙarfin da ban zaci ya rage masa ba, har aka kawo abinci, sa'an nan ya ce a zuba mana a kwano ɗaya.